Hatsinmu da Ya Ruɓe a Magaza

Zuwa ga Maigirma mai kula da ajiyar hatsin talakawa a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan buronka.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Rakiya, ina aure a wani ƙauye arewa da Cadawa. Shekarata huɗu a ɗakin miji, ina da ɗiya ɗaya, ga ciki wata shida. Yayana mai fatauci tsakanin nan da Katsina shi ya koya mini boko, shi ne kuma ke kawo mini ƙananan littattafan labari da nake karantawa in na sauke tukunya. Na rubuta takardar nan sau biyu. Ɗaya yayan nawa zai kai buronka, wato ofishinka, ɗaya zai karanta wa jama'a ranar kasuwar Cadawa, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ranar da aka ce mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, tuwo na tuƙa da miyar kuɓewa, har na kwarara man shanun da nake ta ɓoyo. Na zauna ina ƙissima irin girkin da zan riƙa yi nan gaba, da shinkafa da nama kamar yadda ake ci a gidajen cikin labari. A littattafan nan, in kukan talaka ya kai kunnen mai mulki, akan gyara. Ban sani ba ko haka abin yake a duniya, amma ba ni da wata hanya sai wannan.

Na farko. Ajiyar hatsi ta dole ba sabon abu ba ce, tun zamanin Nasara ake yin ta. Kowace kaka gidanmu kan kai dami goma rumbun tsimi da ke bakin gari, a zangarniyarsa, a rufe a liƙe da laka. Mutane sukan yi gunaguni, amma in aka buɗe, ko bayan shekara uku ne, hatsin yakan fito garau. Kowace mace ta san dalili. Hatsi a zangarniya iska na ratsa shi, ƙaiƙayinsa na tare ƙwari. Shi ya sa ba ma sussuke sai abin da za a ci kwana biyu ko uku. Ba ƙyuya ba ce, haka muka tarar iyayenmu na yi.

Na biyu. Kakar bara umarni ya fito daga buronka cewa a sussuke hatsin ajiya duka, a zuba a buhuna, a kai sabuwar magaza, ɗakin ajiya mai daɓen siminti da rufin kwano, wai dami ba ya hawa sikeli. Maigari da dattawa suka ce wa manzonka da ya kawo umarnin, hatsin bai gama shan iska ba, kuma sussukakke ba ya jure ajiya. Ya yi dariya, ya ce zamanin rumbun kara ya wuce, yanzu ƙasa ta waye. Kwana tara muka yi muna sussuka da shiƙa, ni da surukata da muke kira Inna, har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Namu ya tashi buhu huɗu. Maigidana ya ɗora wa jakuna ya kai. Da ya dawo ya ce mini ya ga ana jibge buhunan a ƙasa kan siminti, ba ko icce a ƙarƙashi, kuma ɗakin ba taga.

Na uku. Tsakiyar damina rumbunmu na gida ya ƙare, domin noman bara bai yi albarka ba. Muka koma kwaɗon tafasa da yaɗiya, da dilo, 'ya'yan anza, da Inna ke jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsa ya fita. Sau uku maigidana yana barin noma ya tafi roƙon a buɗe magaza, sau uku ana ce masa mai mabuɗi ya yi tafiya. Sai da marka ta kankama aka buɗe, lokacin rufin ya daɗe yana yoyo.

Ranka ya daɗe, ina so ka san abin da aka dawo mana da shi. Da na kwance bakin buhu, wari ne ya fara dukana, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Rabin hatsin ya dunƙule, ya yi baƙi da kore-kore, sai an sa taɓarya an fasa. Sauran kuwa ƙwari sun huda shi, in ka matsa tsaba sai ta murmushe. Inna ta ɗebo a hannu ta miƙa wa jakinmu, ya shaƙa ya kau da kai. Ta dube ni ta ce, "To Rakiya, shi yana da ciyawa. Mu sai ki wanke."

Na wanke sau bakwai, na shanya, na surfa, na daka. Tuwon ba ya kama jiki, in ka tuƙa sai ya saki ruwa, ga ɗaci a maƙogwaro wanda daddawa ba ta rufewa, barkono ba ya rufewa. Furar kuwa kafin ta kai gona ta juya. Maigidana yakan sha ya goge baki, ya ɗauki hauya. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na ba Inna akuyata, wadda mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kawo ni, ta kai kasuwar Cadawa. Ta tarar tiyar hatsi ta ninka kuɗinta na kaka har uku. Akuya sukutum ta dawo tiya goma sha ɗaya, a gidan da ke da baki bakwai. Da na zuba a faifai na ga 'yan kasuwa sun gauraya shi da irin wancan ruɓaɓɓen, na gane warinsa.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin takardar nan. Ɗiyata 'yar fari ce, ba zan faɗi sunanta ba, kuma na san za a ce na yi rashin kunya da na yi maganarta a bainar jama'a. To, na yi. Da cikin nan ya bayyana dole na yaye ta, kuma yaro in an yaye shi kunu ne abincinsa. Da wane gari zan dama? Da hannuna na tace gasarar hatsin nan, na dama, na hura ya huce, na ɗura mata tana kuka tana ture ludayi. Bayan kwana biyu ta fara gudawa da amai. Gashinta ya yi ja ya zube, ƙafafunta suka kumbura. Yarinyar da ke bin kaji da gudu har bakin zaure, yau wata biyu ke nan ba ta taka ƙasa ba. Muka kai ta ɗakin magani, malamin ya duba ta ya ce a sake mata abinci, a ba ta kunun hatsi mai kyau. Na ce masa to, na goya ta muka dawo. A unguwarmu an binne yara biyu a daminar nan. Ban ce hatsin magaza ne ya kashe su ba, Allah ne masani, amma kunun da suka sha shi tawa ta sha.

Na biyar. Yanzu Allah ya kawo kaka, ana girbi. Makon jiya na dama mata kunun sabon hatsi, ta shanye ƙoƙo guda, ta miƙo mini ƙoƙon tana son ƙari. Na shiga ɗaki na yi kuka don kada Inna ta gani. Shekaranjiya kuma sai ga manzonka ya dawo da umarnin bara, ba a sake ko kalma ɗaya ba: a sussuke, a zuba a buhu, a kai magaza kafin wata ya mutu, wanda bai kai ba jandarma za su tafi da maigidan. In aka yi haka, badi war haka ina da jinjiri a baya, ita kuma da jikin nan nata ba za ta iya wata damina irin wannan ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ka sa a buɗe maka magazar ka shiga da kanka, ko ba ka taɓa komai ba hancinka zai gaya maka. Ka bar mana hatsinmu a zangarniya cikin rumbun tsimi, a ƙidaya shi da dami, dami ma ƙidayuwa yake. A bar ikon buɗewa a hannun maigari da dattawa, waɗanda ba sa tafiya su bar mu da damina. Ba ajiyar muka ƙi ba, mun san amfaninta.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani tun kafin wata ya mutu. Sussuka aikin mata ne, a garinmu namiji ba ya riƙe taɓarya. Mu matan unguwarmu mun yi magana a bakin rijiya, ba za mu sussuka hatsin magaza ba. Daminmu goma suna nan a ɗaure, duk ranar da aka zo ƙidaya za a same su. Maigidana bai ƙi umarninka ba. Sau biyu yana cewa in fito da turmi, domin yana tsoron ɗauri, ni ce na ce masa a'a, kuma tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce masa a'a ba sai a kan wannan. Saboda haka in jandarma sun zo, kada su je gona su kama shi. Su yi sallama a ƙofar gida su tambayi Rakiya, za su same ni a madafa, ni da yarinyar.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya. Allah ya raya maka zuriya, kada ya nuna wa uwar 'ya'yanka ranar da za ta sa musu a baki abin da ta san zai cuce su don ba ta da wani.

Wassalam.

Ni ce talakarka,
Rakiya, daga arewacin Cadawa.