Kunnenka Yana Cikin Wuyan Jita

Assalamu alaikum, aminina Isufu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Damagaram, kai da iyali. Habu ne, na kamfanin jima a Challawa, wanda kake cewa kafin a gan shi an ji warinsa. Har yau ban yafe maka ba, amma ba wannan ta sa na rubuto ba. Jitarka mai lantarki, wadda ka bar mini ranar da za ka koma gida, ita ta tono ka.

Ka tuna yadda take da ka samo ta? Wayoyinta na kaɗawa sun yi nesa da wuyanta, sai ka danna da ƙarfin tsiya kafin ta yi magana. Ga shi kana wuni ƙulla zare a masaƙar Sharaɗa, yatsu duk sun tsage. Kuma ka riga ka yi alkawari kai za ka yi kiɗan bikina da Rabi. Biki yana matsowa, kai kuwa ba ka kai ƙarshen waƙa ɗaya sai ka tsaya kana hura yatsu. Hankalina ya tashi, don na gama cika baki a Ɗorayi, gidan su amarya.

Daga wurin aiki ka ɗauko dabarar. Ka ga masu gyara suna cusa ɗan siririn ƙarfe ƙarƙashin ƙafar injin saƙa idan ya karkace, ka ce ai jita ma inji ce. Ranar Lahadi muka zauna gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ka sassauta wayoyi, ka kwance sukurorin baya, wuyan ya fita daga gurbinsa. Abu siriri kawai ake so a ƙarshen gurbin, ta wajen cikin jitar, don wuyan ya ɗan kwanta baya, wayoyi su sauko kusa da shi.

Ni da iyayi na ce ba abin da ya kai fata. Na kawo ta akuya, mafi laushi da na taɓa jemewa. Muka sa, muka ɗaure. Wayoyi sun sauko, amma sautin ya mutu, kamar mai mura yana magana cikin bargo. Ka dube ni ka ce, "Habu, ka mayar mini da jita akuya." Na yi fushi, na kuma kasa riƙe dariya.

Sai ka laluba aljihu, ka zaro katinka na shiga masaƙa, mai taurin nan da hotonka a jiki. Ka sa almakashi ka yanko gefe, ko dubawa ba ka yi ba. Ka shimfiɗa a gurbin, ka mayar da wuya, ka jona da sifika. Da ɗan taɓi kaɗan ta amsa, tangaran. Matan gidan suka leƙo, mai shayin layinmu ya bar tukunyarsa. Ranar na san bikina ya tsira.

Washegari mai gadin masaƙa ya tare ka, don hoton katin ba kunne ɗaya, ba ido ɗaya. Ka ce masa, "Baba, ɗaya kunnen na bar shi yana sauraren jita." Ya bar ka ka shiga bisa sharaɗin a gayyace shi bikin. Ya zo kuwa, ya fi dangin ango rawa. Kai kuma ka yi kiɗa har la'asar, ba ka hura yatsa ko sau ɗaya ba.

Yanzu jikata Zainab ce ke koyo da ita. Mun kai wa mai gyara ya duba, da ya cire wuyan sai ya kira ni. Isufu, ga kunnenka, ga idonka ɗaya yana kallona, saurayi ɗanye sharaf, ni kuwa duk furfura. Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka ƙi tsayawa. Na yi kewarka ƙwarai.

Mai gyaran ya so ya jefar da guntun katin, ya sa na katako. Na ce ya mayar da shi yadda ya same shi, mai shi bai gama saurare ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa mu gana kafin yatsun nan su gaji. Rabi tana gaishe ka. Zainab ta ce in gaya maka ta iya waƙar bikin, ka kawo ɗaya kunnen ka ji.

Naka har kullum,
Habu mai warin jima