Na kawo ta bencin gaba, sai ta daina aiki

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ina jin na cuci 'yar mutane da hannuna.

Ni malamar aji uku ce a firamare, shekarata shida ina riƙe da alli. Akwai wata yarinya a ajina mai shekara takwas, Auta uwarta take ce mata, mu ma muka bi. Tsaf-tsaf da ita, ga rubutu mai kyau. Amma ba ta taɓa fara aiki sai ta waiga. In na ce a fito da littafin lissafi, a buɗe shafi na goma, a ja layi da rula, sai ta bi hannun ta kusa da ita da ido, sannan ta yi abin da ta ga an yi. Na ɗauka satar amsa ce. Na yi faɗa har na gaji. Yara suka laƙaba mata 'Yar Leƙe, ban hana su ba, wannan ma yana cin raina.

Sai na ce bari in yi dabara. Na ɗauko ta daga layi na huɗu na dasa ta a bencin gaba, ita kaɗai, dab da teburina, wai don ta ji ni sosai. Tun ranar yarinyar nan ta tsaya cak, yau sati uku. Ina magana tana kallon bakina tana gyaɗa kai, in na duba littafinta ba komai sai kwanan wata, shi ma daga allo ta kwafa. In na tambaye ta ko ta gane, sai ta ce e. An auna kunnenta a asibiti, lafiya lau.

Yanzu hedimasta ya ga littafin, ya ce in ba ta canja ba kafin ƙarshen zango, aji biyu za ta koma. Uwarta ta zo ta tsaya bakin taga tana share hawaye. In na mayar da ita baya, ina tsoron na koya mata dogaro da wasu. In na bar ta a gaba, ina kallo tana dusashewa. Yaya zan yi?

Malamar da ta rasa mafita

Malama, kwantar da hankalinki. Wadda ta lura da duk wannan ba azzaluma ba ce.

Ni ba likita ba ce, amma akwai yaran da kunnensu ƙalau, sai dai in magana ta yi tsawo takan kuɓuce musu kafin su kama ma'anarta. Umarni uku kike jero mata a numfashi ɗaya, tana kokawa da na farko kin kai na uku. Leƙen nan ba sata ba ne, da ido take cike abin da ya wuce ta. Da kika kai ta gaba, sai ta rasa wanda za ta kalla.

Tsoronki na dogaro yana da tushe, hedimasta ma da hujjarsa, littafi fari fat ya gani. Amma a aji biyu ma dogon bayanin nan za ta tarar.

Gobe ki kai ta layi na biyu, kusa da yarinya mai natsuwa. Ki kira sunanta kafin ki ba da umarni, ki bayar ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga littafin ta gani, rubuta lambar shafin a allo, ki ƙirga biyar a zuci kafin ki ci gaba. Ki daina tambayarta ko ta gane, ki ce ta nuna miki abin da za ta fara yi. Laƙabin nan kuma ki kashe shi da bakinki a gaban kowa.

Ki kai wa hedimasta tsohon littafinta da na yanzu ya gwada, ki roƙi sati shida. Uwarta kuma ta nemi asibiti ya tura su wajen masu duba matsalar magana da fahimta.

Yarinyar da ta bi aji har shekara uku da idonta ba daƙiƙiya ba ce. Allah ya nuna miki ranar da za ta buɗe shafi na goma ba tare da ta waiga ba.

Gwaggonku