Fatar Akuyarmu a Italiya

Zuwa ga Baba Labbo,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Ruwa ya sauka a Turba?

Lafiyata lau, sai sanyi da yawan tsayuwa, su ma ina sabawa. Jiya a masana'antar jakunkunan da nake aiki aka kawo fatun jar akuya, irin waɗanda kake shanyawa bayan gida. Na shinshina guda, sai ga hawaye. Baba, ba ƙwazo suka fi mu ba. Mu ke kiwo mu sayar da fata ɗanya, su ke da inji da wutar da ba ta ɗaukewa, riba sai ta zauna nan.

Ina koyon ɗinkin sosai. Ka ajiye mini fata guda, kada ka sayar. In na dawo za ni ɗinka ma Inna jaka da ita.

Allah shi bar mana ku.

Ɗanka,
Kalilu