A Kan Kwaɗon da Na Fasa a Mina

Zuwa ga Mai Girma Mudir na kamfaninmu mai hidimar alhazai, ofishin unguwar Shisha a Makka.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ni ne Habu, mai kula da layi na huɗu a tantunan Mina, wanda aka ba takardar gargaɗi saboda fasa kwaɗon ɗakin ajiya. Na fasa ɗin. Amma an ce mai irin wannan takarda ba a ɗaukarsa aikin baɗi, shi ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Tsohon mushrif ɗinmu, wato mai duba aikinmu, yakan damƙa wa kowane mai layi makullin ɗakin ajiyarsa, ya ce ya yi abin da ya ga ya dace, ya sanar daga baya. A zamaninsa ko bargo bai ɓata ba, domin kowa yana jin kunyar amanar.

Na biyu. Sabon mushrif ya tattara makullan a aljihunsa. Yanzu ko fanka kake so, sai ka ɗauki hoto ka tura masa, ka jira izini.

Na uku. Ranar jifa ta biyu, da azahar, na'urar sanyi ta mutu a tantin wasu tsofaffin mata 'yan Damagaram. Na tura hoto, na kira sau uku, wayarsa ba ta shiga. Da na ga wata hajiya ta jingina da jakarta tana numfashi sama-sama, sai na ɗauko guduma, na fito da fankoki. Izinin ya iso bayan la'asar, takardar gargaɗi na biye da shi.

Abokan aikina sun ɗauki darasi. Washegari famfo ya fashe a layi na shida, mai layin ya ɗauki hoto, ya tsaya yana jira, ruwa na wanke masa ƙafa. Na ga hoton, ya fito sosai.

Roƙona biyu ne: a cire takardar daga fayil ɗina, a kuma mayar wa masu layi makullansu, wanda ya ci amana a hukunta shi.

Na sayi sabon kwaɗo na maƙala. Makullansa biyu ne, ga ɗaya cikin wannan ambulan. Ɗayan yana wurina har sai ka faɗi aljihun da ya dace da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da waɗanda za ka iya yarda da su.

Wassalam,
Habu mai layi na huɗu.