Kujerar da Na Ƙera Mata da Takalman da Suka Yi Ɓatan Dabo

Malama mai wannan fili,

Ki taimake ni da shawara, tunda an wayi gari maganar mutum ba ta da daraja sai ta fito a jarida. Ni kafinta ne, shekara hamsin da 'yan kai ina riƙe da zarto. Ban yi boko ba, lambobin jikin tef ɗin awo kaɗai na sani, su kuwa ba su taɓa yi mini ƙarya ba. Maƙwabcina mai gyaran agogo ne ke rubuta mini takardar nan, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya, don shi ma yana da nasa ra'ayin da ba wanda ya tambaye shi.

Maganar uwar 'ya'yana ce. Shekara arba'in da huɗu muna tare. Shekara goma sha ɗaya ke nan da gwiwoyinta suka fara ciwo, in ta miƙe sai ki ji suna ƙara kamar tsohuwar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Da wani mijin ne, da man shafawa zai saya mata ya kama gabansa. Ni kuwa na rufe shago kwana shida na ƙera mata kujera, da katakon da na hana wani attajiri. Hannaye masu faɗi, jingina daidai bayanta, wurin ɗora ƙafa. A dama na sa aljihu na magani da tabarau, a hagu ɗan kanta na butar shayi da rediyo. Na yi mata tebur mai taya don yanka albasa, na yi mata doguwar sanda mai ƙugiya da take kunna fanka da ita, ta jawo labule. Sai da ya zamana ba abin da ke tayar da ita sai salla da banɗaki. Mata suna zuwa kallon kujerar nan, su koma gida su yi wa mazansu gori.

Sau biyu na ƙara wa kujerar faɗi. Daga inci ashirin da biyu ta koma ashirin da biyar, daga nan ashirin da takwas. Ban taɓa ce mata ta yi ƙiba ba. Cewa nake yi damina ce ta kumbura katako ya matse wurin zama. Ki faɗa mini, a cikin masu digiri nawa ne suka iya wannan ladabi?

Sai 'yarmu ta biyu, wadda karatu ya yi wa yawa har gaisuwa a tsaye take yi, ta ɗauke ta zuwa asibiti. Likitan, na gan shi daga baya, gudumata ta girme shi. Wai gwiwoyin suna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu, wai naman cinya ya saki saboda zama, wai in aka ci gaba haka nan da shekara biyu ko banɗakin sai an ɗauke ta. Ya tambayi yadda take wuni, 'yar tawa ta nuna masa hoton kujerata a waya. Da suka dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce mini, "Baba, kujerarka ce ke kashe wa Mama ƙafa." Shekara goma sha ɗaya ina hidima, ashe kisa nake yi ban sani ba. Madalla da ilimi.

Daga ranar gidana ya zama barikin soja. Aka sayo takalma farare masu kaurin ƙasa kamar tayar mota. Sukari ya sauka daga cokali uku zuwa gaisuwa daga nesa. Shinkafa ta koma ɗan farantin da muke ɗora kofi a kai, sauran wurin duk ganye, sai ka ce akuya muka ɗauka haya. Ni da ba ni da ciwon gwiwa har ni aka haɗa, wai tukunya ɗaya ce.

Kullum da safe mata biyu ke zuwa ɗaukarta. Ɗaya tsohuwar nas ce da ta yi ritaya amma bakinta bai yi ba. Ɗayar matar mai gidan burodi ce, wadda ta daina cin burodi ta bar mu da saye. Turakun wutar lantarki suke ƙirgawa a bakin titi. Satin farko bakin ƙofa kawai ta kai ta dawo tana haki, na ce to, an gama wasa. Sati na biyu turke ɗaya. Cikin wata biyar sai ga ta a turke na goma sha ɗaya, wajen famfon unguwa. Ta rame, ba zan yi ƙarya ba, idona tef ne: inci biyu sun tafi, har matashi take cusawa a gefen kujera. Aljihun magani ya koma wurin ajiye tafarnuwa. Sandar ƙugiya kuwa yanar gizo ake sharewa da ita. Shayina ni ke haɗawa. Sai ta dawo tana dariyar abin da ban sani ba, in na tambaya ta ce ai sai wanda ya je. Da safe ni nake zama a kujerar, ba don komai ba, kujerar da ba a zama gara ke ci.

Rana ɗaya na bi bayansu don in ga abin da ake yi a wannan tafiya. A turke na huɗu ƙirjina ya ɗan yi nauyi, laifin ƙurar shago ne ba wani abu ba. Na tsaya ina duba ƙofar wani gida kamar an kira ni gyara. Nas ɗin ta waiwayo, a gaban mutane ta ce, "Baba, a ɗauko maka kujerar ne?" Matata ta yi dariya har da riƙe turke. Shekara arba'in da huɗu.

To ga wurin da nake so ki fahimce ni da kyau. Washegari takalman nan suka ɓata. Ba sata aka yi ba, ajiya ce, suna cikin buhun garin katako a bayan shagona. Nufina ta huta kwana ɗaya mu sha shayi tare kamar mutane. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan ƙofa, ta dube ni, sannan ta zura silifas ɗin wanka ta fita. Kuma don taurin kai, wanda ban san inda ta koyo shi ba, sai da ta kai turke na goma sha ɗayan. A hanyar dawowa silifas ya zame mata a bakin kwata. Ba ta faɗi ba, amma gwiwar hagu ta murɗe. A kafaɗun matan nan biyu ta shigo gida.

Yau kwana tara tana cikin kujera. Komai na aiki yadda na tsara shi, aljihu, kanta, tebur mai taya, har sandar ƙugiya ta dawo bakin aikinta. Ya kamata in ji daɗi. Sai dai ba ta yi mini magana sai ta dole. Ba ta tambaye ni takalma ba ko sau ɗaya. Da 'yar ta ce za ta sayo wasu, cewa ta yi a bari, za su dawo da ƙafarsu. Shekaranjiya na ga ta yunƙura sau uku kafin ta iya miƙewa, ta bi bango zuwa banɗaki, irin yadda take yi kafin a fara wannan tafiya. Jiya kuma ta ce in juya mata kujerar ta fuskanci bango, don kada ta riƙa ganin wucewar matan nan ta ƙofa. Na juya. Kujerar ba ta taɓa yi mini nauyi irin na jiya ba, ina ga katakon ne ya sha danshi.

Abin da nake so ki yi mai sauƙi ne. Ki rubuta cewa hutu shi ya dace da tsohuwa, kuma likitoci na yin kuskure, ga shaida a gwiwarta. Tana jin maganarki, ita ce ke karanta mini filin nan duk mako. Amma ki cire zancen takalman kafin ki buga. Sannan in kin san yadda ake fitar da garin katako daga cikin farin takalmi ki faɗa, wani abokina ne ke tambaya.

Naki,
Tsohon kafinta da ba a nemi shawararsa ba

Baba kafinta,

Na karanta takardarka sau biyu, kuma kamar yadda kake ji yanzu daga bakin mai karanta maka, ban cire zancen takalman ba. Mutumin da ke son ɓoye laifi ba ya aika shi jaridar da matarsa ke karanta masa da babbar murya. Ina ganin ka rasa yadda za ka faɗa mata ne, ka ɗauke ni aiki. To, na yi nawa. Mama, sannu da jiki.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don na san ba ka saba jin haka ba kwanan nan. Kujerar nan ƙauna ce, kuma mijin da zai ɗora wa damina laifin inci shida ba a samunsa a kowane gida. 'Yarka ta yi kuskure da ta jefa maka magana haka, da kuma da ba ta tafi da kai wurin likita ba, alhali kai ka yi jinyar shekara goma sha ɗaya. Nas ma ta yi maka ba'a a bainar jama'a, bai kamata ba. Mama kuma ta yi ganganci da ta yi doguwar tafiya da silifas don ta ba ka haushi.

Nan gaskiyarka ta ƙare. Ba zan rubuta cewa likita ya yi kuskure ba, don ba shi ya sa takalma a buhu ba. Kai da ka san katako ka san ƙofar da ba a buɗewa ita ke cijewa. Gwiwa mai irin wannan ciwo tana son motsi kaɗan-kaɗan kullum, naman cinya shi ke tallafe ta, kuma duk kilon da ya sauka daga jiki ninkinsa ne ke sauka daga kan gwiwa a kowane taku. Ka ga abin da wata biyar na tafiya ya yi, ka ga abin da kwana tara na zama ya yi. Tef ɗinka ba ya ƙarya, kai ka faɗa.

Ga aiki. Yau ka fito da takalman. Ka ce wa abokin naka ya cire shimfiɗar ciki, ya kakkaɓe, ya bi da busasshen buroshi kafin ruwa ya taɓa su, sannan ya kai mata su da hannunsa ya ba ta haƙuri da bakinsa, ba ta bakin mai gyaran agogo ba. Gobe ku koma asibiti. Gwiwar da ta kwana tara a kumbure sai an duba ta kafin a sake taka titi. Ka bi su, ka yi duk tambayoyinka, kuma tunda ka je, ka bari a saurari ƙirjin nan da ƙurar shago ke tsayarwa a turke na huɗu. Wannan ba wasa nake yi ba.

In likita ya ba da izini, a koma daga bakin ƙofa, a ƙara a hankali, a wuri mai laushin tafiya. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba abin tsoro ba ne, amma kumburi ko ciwon da ya ƙi tafiya alama ce a rage. Abinci a rage shi, kada a bar shi. Yunwa ba magani ba ce.

Kada a ƙona kujerar, gyara take so. Ka ƙara mata tsawon ƙafa don tashi ya yi sauƙi, Mama ta riƙa miƙewa tana zama a kanta sau biyar, safe da yamma, tana miƙe ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ka mayar da butar shayi da rediyo can ƙarshen ɗaki. Ka kafa mariƙi a bangon banɗaki. Sandar ƙugiya ka yanke ta daidai wuyan hannunta in tana tsaye, ka sa mata roba a ƙasa, ta riƙe a hannun dama tunda hagu ce ke ciwo. Sannan ka nemi izinin mai gidan da ka duba wa ƙofa kyauta, ka ajiye benci a turke na huɗu. Mai faɗin mutum biyu.

Ina ganin ba tafiyar ce ta dame ka ba, tafiya ba tare da kai ba ce. Maganin wannan shi ne takalmi ƙafa biyu, daidai ƙafarka. Kafin nan, tashi ka juya mata kujerar ta kalli ƙofa.

Allah ya ba Mama lafiya, ya bar ku tare, ya nuna mana ranar da za ka rage wa kujerar nan inci uku ka ce rani ne ya tsuke katako.