Kun Toshe Masa Hanci, Kuna Cewa Ya Mutu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsohon Ɗakin Karatu na Kukuo, Tamale.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya a ofishinka mai sanyi.

Na ji kun yanke shawarar mayar da ɗakin karatunmu shaguna, wai ba mai shiga. Ni tsohon ticha ne, a cikinsa na koyi karatu, don haka zan gaya maka abin da ya kore mu.

Na farko, iyayenmu ne suka gina shi da aikin gayya. Mahaifina ya ɗauko jan dutse a ka tun daga Gbalahi. Suka yi bango mai kauri, rumfa ta kewaye shi, suka bar ƙananan tagogi a jere can ƙarƙashin rufi don zafi ya fita. Ko a tsakiyar bazara sai ka ji kamar ka shiga randa. Manoma ma sukan zo su zauna a karanta musu jarida.

Na biyu, da kuka zo da gyaranku, kuka toshe tagogin nan da siminti, kuka rushe rumfa, kuka manna gilashin da ba ya buɗuwa, wai za a sa na'urar sanyi kamar a gidajen masu kuɗi na unguwar Vittin. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, na'ura shiru. Ramin da aka fasa mata kawai muke gani, ƙadangaru sun tare a ciki.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Jikata Rahinatu tana shirin jarrabawa, gidanmu kuwa ya cika da yara, ba inda za ta natsu. Ni na tura ta can, ina yi mata alfahari da wurin. A kan babur aka dawo mini da ita, ta suma saboda zafi. Tun ranar uwarta ta hana ta komawa.

Roƙona kaɗan ne. Ku dakatar da zancen shaguna. Na'urar ma mun yafe. Ku ba mu izini kawai mu fasa simintin nan, guduma muna da ita, kuma jikokin waɗanda suka gina shi suna nan da ransu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ziyarce mu da azahar, ka zauna a ciki ka karanta shafi ɗaya.

Wassalam.

Ticha Fuseini, Kukuo.