Sukarin da Na Sayo wa Ƙudan Zuma a Lolo

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya Anti Hajara da yara, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Kaoje lafiya, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Sai dai hankalina a tashe yake kan amyoyin da Baba ya bar mana. Tun da ambaliya ta cinye furanni ƙudan zuman ke cikin yunwa. Ran kasuwar Lolo na samu sukari mai arha da aka ƙetaro da shi daga Benin. Na ji warin fetur, mai kayan ya ce, "Buhun ne kawai, Malam, cikin ba komai." Na yarda.

Na dama shi da ruwa na sa wa amya uku. Yau da safe na tarar da ƙudan amya biyu zube a ƙasa, sun mutu. Na zubar da ruwan, na wanke kaskon. Ta ukun tana motsi har yanzu, amma ban san ko za ta kai gobe ba.

Ban iya gaya wa Inna ba tukuna. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da Kawu Bello.

Ƙaninka,
Sani